Mutumin da Ya Ƙi Tsarabar 'Ya'yan Manya

"Tsirara ya bar su! Kwamfuta shida, tsirara, ko ɗan kamfai bai bar musu ba!"

Madam Patricia ke nan, shugabar kwamitin makarantarmu, tana buga tebur da gindin gorar ruwa. Alhaji Maishanu, mataimakinta, ya gyara zaman hularsa ya ce, "Madam, a bi a hankali, mutumin fa yana zaune."

"Ya zauna mana! Ni zaman nasa ne ya ishe ni. Hammanjoda, ajiye makullan a nan. Ran Asabar za mu yi maka liyafar ritaya, har da lemo da agogon bango. Kada wani ya ce ba mu san mutunci ba."

Hammanjoda. Haka ta kira shi gatsal, ba Malam, ba Baba, mutumin da ya fara aiki tun tana goye. Shi kuwa ya sa hannu a aljihun jamfarsa, ya fito da makullan ɗakin kwamfuta, ya ajiye su a hankali kamar ƙwai.

Ni ce Murna Tobias, wadda ake ce wa Goggo Rediyo a Kasuwar Jalingo, inda na yi shekara arba'in ina sayar da busasshen kifi da labarin mutane, labarin kyauta nake bayarwa. A aji uku na tsaya a firamare. Da tsufana na shiga makarantar manyan mata ta unguwarmu a Kachalla Sembe, kuma mata suka zaɓe ni wakiliyarsu a kwamiti, wai don bakina ba ya gajiya. Ina cikin ɗakin ranar, Talatar da ta wuce. Tun kafin a zauna Madam ta ja ni gefe ta ce in rubuta 'yan kalmomi masu daɗi da za a karanta a liyafar. To, na rubuta. Da yatsu biyu na buga su a kan Lamba Uku, kwamfutar da nake zama a gabanta. Wanda bai ji daɗinsu ba ya sha ruwa.

Bari in fara gaya muku wanda ake son kora da lemo.

Shekara goma sha shida ke nan, bakwai saura kwata za ka ji ƙarar kekensa a ƙofar makaranta. Daga wajen Mayo Gwoi yake takowa, ko ana ruwa ko ana rana. Zai buɗe ɗaki, ya yaye zannuwan da yake lulluɓe kwamfutocin da su, ya ninke kowanne. Sai ya durƙusa ya leƙa gwangwanayen da ƙafafun tebura ke tsaye a ciki, ya ƙara musu ruwa, domin kiyashi sun taɓa yin gari guda a cikin Lamba Biyar, har da sarauniyarsu. Ya duba batirin sola. Ya goge kibod ɗaya bayan ɗaya, saboda mu mata da man ja a yatsu muke zuwa, ba ma jin magana. Kafin ta farko a cikinmu ta iso, duk shidan suna kunne suna jira.

Ran Laraba yake haɗa su da datar wayarsa, ya sabunta su ɗaya bayan ɗaya. Ranar kanwa yake kiranta, wai yadda ake ba shanu kanwa su yi ƙarfi. Ran Juma'a da safe ya kwafe duk abin da muka rubuta a makon ya zuba a wani ɗan akwatin ajiya da ba ya rabuwa da jakarsa.

A da keken rubutu yake gyarawa a ofisoshin gwamnati. Da kekunan suka mutu, abokan aikinsa suka bi su, shi ya ƙi. Ya koyi kwamfuta da furfura a gemu. Amma asalinsa ɗan makiyaya ne daga wajen Iware, kuma kiwon bai taɓa fita daga kansa ba. A bakin ƙofa, kusa da kujerarsa, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a ajiye komai a cikinta. Sunanta Turke. Duk wadda ta zo da filash ko katin waya, ko matar wane ce, sai an fara sa shi a Turke. Ya ce babansa in ya sayo saniya a kasuwa ba ya sakin ta cikin garke, sai ya ɗaure ta gefe kwana da kwanaki ya ga ba ta tari. "A ɗaure a turke tukuna." Mun ji wannan magana har yaranmu a gida sun iya ta.

Ku tambayi Hamna, ƙawata da ke zama a Lamba Huɗu. Hannunta yana rawa tun da ta yi ciwon ɓarin jiki, kibiyar da ke kan sikirin sai ta yi ta tsere mata. Ta tattara jakarta za ta bar makaranta. Malam ya zauna ya rage wa kibiyar gudu, ya naɗe maus ɗin da ƙyalle don ya cika mata hannu. Yau Hamna ce ke rubuta wa 'yarta wasiƙa zuwa Fatakwal, har da zagin surukinta a ƙasa. Ku tambayi kowa ranar da iska ta yaye kwanon rufi a daminar bara waccan. Manyan kwamiti suna gidajensu suna jan bargo. Shi kaɗai ya yi sawu bakwai cikin ruwa, kwamfuta a ƙirji, babbar rigarsa a kanta, shi kuma a jiƙe sharkaf. Sati biyu ya yi yana tari. Ban ga wanda ya ba shi agogo a lokacin ba.

To me ya yi da ya cancanci kora? Ya ƙi tsaraba.

Kun san halinmu a garin nan. Yaro in ya zo gida daga birni, dole a ga abin da ya riƙo. Shekara uku da suka wuce Philemon, ɗan Madam, ya zo Kirsimeti daga Abuja da antibairos a cikin filash, wai maganin cutar kwamfuta, wani abokinsa ne ya kwafo masa. Aka tara mu, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto yana danna maɓalli uwarsa tana dafe da kafaɗarsa. Malam ya ce a ɗaure a turke tukuna. Madam ta ce, "Ɗana ne saniya?" Aka sa wa duk kwamfutocin, har da ta bakwai da ke ofishinta.

Babbar Salla na zuwa sai ga Jamaluddeen, ɗan Alhaji Maishanu, daga Kaduna. Yo ina dalili a ce ɗan Madam ne kaɗai ya yi wa makaranta hidima? Shi ma ya zo da nasa, mai launin kore. Aka tara mu, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Kirsimeti ta zagayo, Philemon ya tarar an yi wa nasa kishiyar zama, ya ji haushi, ya ƙara wani a kai. Uku ke nan a cikin kowace kwamfuta.

Jama'a, mun sha wuya. In aka kunna Lamba Uku, sai in ɓare gyaɗa kwano guda kafin ta buɗe ido. Wannan antibairos ya fito da jan rubutu ya ce wancan ɓarawo ne, wancan ya fito ya ce a'a, wannan ne ɓarawon. Na ukun kuwa ba abin da ya iya sai kuka, wa'adina ya ƙare, wa'adina ya ƙare. Ka danna harafi yanzu, sai ka manta abin da kake son faɗa sannan ya fito. Kuma a lokacin kowace ɗaliba tana rubuta tarihin rayuwarta, wanda za a haɗa littafi ranar yaye mu. Ni da nake da abin faɗa fiye da kowa, wata biyu ban wuce ranar aurena ba.

Sau uku Malam ya rubuta wa kwamiti takarda. Amsa ɗaya ce: kyauta ce, ana mayar da kyauta? Madam ba za ta yarda a cire na ɗanta a bar na ɗan Alhaji ba. Alhaji ba zai yarda a cire na ɗansa a bar na ɗan Madam ba. A kan wannan kaɗai na taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya. A watan Janairu Malam ya gaji, wata Laraba ya kwashe su duka daga kwamfutoci shidan da ke aji. Ta ofis ce kawai bai taɓa ba, don Madam ta hana shi ko leƙa ta.

Washegari Lamba Uku ta buɗe kafin in gama gyara ɗankwali. Na tsorata. Na ce, "Malam Joda, yanzu ba mai tsaron su ke nan?"

Ya ce, "Goggo, kowace ɗaya da mai gadinta ta zo daga kamfani, a cikinta yake. Sai dai mai gadin nan yana da kunya irin tamu. Da ya ga an kawo baƙon mai gadi, sai ya jingine sandarsa ya koma gefe ya zauna. Su kuma baƙin nan wa'adinsu ya ƙare tuni, ba a ƙara musu sani, ɓarayin bana ba su san fuskarsu ba. Gida da masu gadi huɗu, ba ko ɗaya a bakin ƙofa."

Na ce, "Wato na wajen duk na banza ne?" Ina so ya ce e, don in kai labarin kasuwa.

Ya ƙi ba ni. Ya ce, "A'a, akwai masu kyau ƙwarai. Inda ake riƙe da sirrin jama'a da yawa, kamar asibiti, in za a sa a sa. Amma guda ɗaya, na asali, kuma a riƙa sabunta shi. Mu nan na gida ya ishe mu, in dai ana ba shi kanwarsa, kuma mai kwamfutar ba ta buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa."

Ku riƙe wannan ta ƙarshen, domin yanzu za mu zo inda ba na so.

Wata Juma'a a watan Fabrairu Hamna ta matso da bakinta kunnena. Ta ce an yi dambe a wani biki a Iware, gwaggon amarya da gwaggon ango, har gashin kantin ɗaya ya faɗa tukunyar miya, kuma mai ɗaukar hoton bikin maƙwabcinta ne, ga filash ɗinsa ta aro. Ku faɗa min tsakani da Allah, wace mai rai ce za ta jira Litinin? Hamna ta tafi gida ta bar min shi. Malam ya tafi masallaci, kuma in zai fita yakan zare igiyar wutar Turke ya sa a jaka, don ya san da wa yake zaune.

Na soka filash a Lamba Uku. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta yi ƙara, ta fito da rubutu, ta ƙi buɗewa. Na cire na hura masa iska na mayar. Ta ƙi. Na ce ke, ni za ki yi wa rowa? Na san inda Madam ke ɓoye makullin ofis, a ƙarƙashin tukunyar fulawa, duk unguwa ta sani. Na ce ai waccan mai masu gadi uku ce, ba abin da zai same ta. Na shiga, na kunna, na jira ta gama miƙa, na soka. Ta buɗe min lafiya lau, ba wanda ya ce kanzil a cikin ukun. Na kalli damben sau biyu. Na kashe, na rufe, na mayar da makulli.

Ran Litinin ihun Madam ne ya tarbe mu. Duk abin da ke cikin kwamfutarta ya koma fanko, ka danna ba komai, har da jerin sunayenmu na satifiket. Ta fito tana nuna Malam da yatsa, wai tun da ya tuɓe na aji cuta ta shiga, daga can ta tsallako ofis. Ya ce, "Madam, ba igiyar da ta haɗa su." Ta ce ta iska ta biyo. Ya ce a bar shi ya duba, yana ganin abubuwan ɓoye su aka yi, ba su mutu ba. Ta ce hannunsa ba zai ƙara taɓa kayanta ba, sai Philemon ya zo hutun Ista. Aka ɗage yaye.

Da aka tashi, ina ƙoƙarin sulalewa, sai ya matso yana ninke zani, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Goggo, Lamba Uku ta ce in gaishe ki."

Ashe mai gadin nan na gida yana rubuta duk abin da ya kama, da rana da lokaci. Juma'a, ƙarfe biyu saura ashirin, sau biyu, a kujerata. Malam yana da wannan shaida a hannunsa. In ya nuna wa kwamiti, ya wanke kansa tas. Amma dokar makaranta ta ce duk ɗalibar da ta shiga ofis ba izini ba ta da satifiket, kuma ya san ni, shekara saba'in da ɗaya, ban taɓa riƙe takarda mai sunana da hatimi ba. Na riga na sayi firam ɗin da zan sa satifiket a ciki. Sai ya yi shiru.

Ni ma na yi shiru, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona min rai. Ni Rediyo, da na san cikin wace ya kai wata nawa kafin mijinta ya sani, na riƙe labari mafi girma a Kachalla Sembe sati uku a bakina. Ina ji ana cewa tsufa ya kama shi. Ina ji ana cewa hassada yake yi wa yaran da suka yi boko. Wata ma a coci ta ce min wai ya sayar da antibairos ɗin ne a kasuwar Mil Shida, na ce mata "Allah Sarki," na wuce. Tir da ni. Shi kuwa kullum bakwai saura kwata yana nan yana zuba wa gwangwanaye ruwa.

To, mu koma ran Talata, makullai a kan tebur.

Alhaji ya ce, "Malam, ba ka da abin faɗa?"

"Babu, Alhaji. Useko, na gode. Sai dai duk wanda zai karɓa, a gaya masa batirin sola ba ya son a bar shi ya sauka ƙasa da rabi."

Wannan ce ta karya ni. Ana korar mutum yana tunanin batiri. Na miƙe, gwiwata ta yi ƙara, na ce, "Ni ce."

Madam ta ce, "Mama Murna, ke ce me? Zauna, ba mu zo kan jawabinki ba."

"Ni ce iskar. Ni na shiga ofishinki." Na kwance bakin zanina na fito da filash ɗin, don tun ranar na kasa mayar wa Hamna, na dangwarar da shi kusa da makullan. Na faɗi komai, tukunyar fulawa, Lamba Uku da ta ƙi ni sau biyu, ta ofis da ta karɓe ni hannu bibbiyu.

Malam ya ce, "Goggo, da kin bari."

"Rufe min baki, Malam Joda, ka yi shirunka ya isa."

Can sai Alhaji ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Goggo, wace ce ta yi nasara a damben?"

"Alhaji!" in ji Madam.

"A'a, tambaya ce kawai."

"Ƙarya take yi," Madam ta ce. "Sun haɗa baki. Antibairos uku, biyu daga Abuja, a ce filash ɗin mai hoton ƙauye ya wuce su? Mama, a shekarunki?"

Na ce, "A shekaruna na san kifin da ya kwana biyu ko an shafa masa mai. Ga filash, ga Lamba Uku, a gwada a gaban kowa."

Alhaji ya ce haka za a yi. Ya ɗauki filash ɗin da kansa ya nufi Lamba Uku. Kun san abin da wannan bawan Allah ya yi? Mutumin da aikinsa ke rataye da gwajin nan? Ya tashi ya tare hanya. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Tarihin mata ashirin da shida yana cikin waɗannan. A ɗaure a turke tukuna."

Na ce a raina, kai wannan ko gobara ake yi sai ya cire takalmi kafin ya shiga.

Aka je Turke, wadda ba ta da kowa sai mai gadinta na gida. Aka soka. Ta yi ƙara nan take, ta fito da rubutu, ta kama abin ta ɗaure. Malam ya karanta mana sunansa, wani dogon suna kamar na maganin bature. Sannan Alhaji ya sa shi ya buɗe rubutun Lamba Uku, ga Juma'a, ga biyu saura ashirin, ga shi sau biyu. Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wato har na Jamaluddeen barci yake yi."

"Wa'adinsa ne ya ƙare, Alhaji. Yaron da niyya mai kyau ya kawo. Duk su biyun."

Kafin in gaya muku yadda aka tashi, bari in yi abin da ya zaunar da ni a gaban kibod kwana huɗu har yatsuna suka kumbura.

Malam Hammanjoda, makiyayin shida da Turke, kai ne ka ɗauke mu tsofaffin da 'ya'yanmu ke ƙwace waya daga hannunmu suna cewa "kawo, Mama, ba za ki iya ba," ka zaunar da mu ka ce za mu iya. Kai ne ba ka taɓa yi wa wata dariya ba ko ta tambayi abu ɗaya sau goma, ni na tambaya sau ashirin. Kai ne ka san gaskiya, kana da shaidarta a rubuce, ka zaɓi a ce tsufa ya kama ka don kada wata tsohuwa mai shegen son gulma ta ji kunya. Ban cancanta ba, kuma ina jin haushinka a kan haka, don ka sa na ga kaina. Na gode. Mata ashirin da shida sun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba gwiwarka ƙarfin taka keke.

Ku kuma masu karatu, musamman ku 'ya'yanmu da ke zuwa hutu da filash a aljihu, ku kawo mana atamfa, ku kawo sabulu, za mu sa muku albarka. In kuwa dole sai kun taɓa kwamfuta, ku tambayi wanda ke kwana da tashi da ita. Kada ku ɗora mata abin da ba ku san asalinsa ba don a ɗauke ku hoto, ku koma birni ku bar mu da ɓare gyaɗa. Ku bar mai gadin gida ya yi aikinsa, ku riƙa sabunta shi, ku ajiye kwafin abin da kuke so a wani wuri dabam. Kuma duk abin da aka ce muku yana da daɗin kallo, ku jira Litinin. A kowane ofis da kowace makaranta a garin nan akwai irin Malam, wanda ba a sanin yana aiki saboda komai yana tafiya daidai. Ku neme shi ku gaishe shi da sunansa na girma tun yana kan kujerarsa.

Yanzu ga ƙarshen.

Alhaji ya koma mazauninsa ya ce doka doka ce, Goggo Murna ba ta da satifiket bana, sai baɗi. Na ce na ji. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba, firam ɗin yana nan a jingine bayan gado. Sannan ya ce, "Amma maganar ritaya, ni dai ban ga dalilinta ba."

Madam ta miƙe. "Wato a gaban ɗaliba za a ce ɗana bai san aikinsa ba? Philemon da ke aiki a Abuja?"

"Ba wanda ya ce haka, Madam. Nawa ɗan ma yana ciki."

"Naka ɗan ai kore ya kawo!"

Malam ya ce, "Madam, in kin yarda, minti ashirin ya isa in dawo miki da sunayen. Sai a yi yaye kafin Ista."

Ban san me ya sa wannan ce ta fi ɓata mata rai ba. Ta ɗauki jakarta ta rataya. Ta ce, "Alhaji, ka zaɓa yau. Ko ni a kujerar nan, ko shi a ɗakin nan."

Alhaji bai dube ta ba. Ya miƙa yatsa ɗaya ya tura makullan a kan tebur, a hankali, suna ƙara, har suka tsaya a gaban Malam Hammanjoda. Malam ya dube su, ya dubi Madam, ya ɗauka ya mayar aljihu.

"Shi ke nan," in ji ta. "Ku zauna da shanunku!"

Ta juya, takalminta na ƙwas ƙwas, ta fizgi ƙofa ta fita, ta buga ta da ƙarfin da sai da kalandar bara ta faɗo daga bango.